Tiyatar ƙwaƙwalwa da jagorar kwamfuta: Me za ta tsinana wa jaririn Sae Sabuwa?

A tsakiyar ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani ɗan kogo cike da ruwa, wanda daɓensa wani siririn tantani ne. Ƙarƙashin tantanin, tazarar 'yan milimitoci kaɗan, wata babbar jijiya ta ratsa, ita ce ke kai jini ga sashen da ke kula da numfashi da bugun zuciya. Akwai dubban yara a duk shekara waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan likita ya huda wannan tantani ba tare da ya taɓa jijiyar ba.

Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna yin wannan aiki ne da wata na'ura mai suna endoskof, wato wani siririn bututu mai kamar kaurin biro, da fitila da kyamara a bakinsa. A manyan asibitocin Turai da Amurka da Asiya an haɗa wa endoskof ɗin abokiyar aiki: kwamfutar da ke nuna wa likita a kan allo daidai inda bakin na'urarsa yake a cikin kan marar lafiya, kamar yadda shuɗin ɗigon Google Maps ke nuna wa matafiyi inda ya tsaya.

Labarin irin wannan ci gaba yakan yi wa mutanenmu kamar labarin wata duniya. Sai dai cutar da aka fi yi wa wannan tiyata ta fi yawa a nahiyar Afirka, kuma abubuwan da ke haddasa ta sanannu ne a wurare irin su Sae Sabuwa, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, da kuma Agiye da Gazawa. Shi ya sa ya kamata a san yadda na'urar ke aiki, da inda take da amfani, da kuma abin da ya kamata a riga samarwa kafin ita.

Ruwan da ke taruwa a kai

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne a cikin wani ruwa garai-garai da ita kanta ke samarwa. A jikin baligi ana samar da kusan rabin lita a kowace rana, amma abin da ke cikin kai da laka a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba, domin yadda ake samar da shi haka jiki ke tsotse shi. Ruwan yana fitowa ne daga cikin wasu koguna huɗu da ke cikin ƙwaƙwalwa, ya bi ta wasu ƙananan kafofi daga wannan kogo zuwa wancan, sannan ya fita ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka.

Idan ɗaya daga cikin kafofin ta toshe, ruwan zai ci gaba da zuwa ba mafita. A wurin babba, wanda ƙoƙon kansa ya riga ya haɗe, abin kan zo da matsanancin ciwon kai da amai da dushewar gani. A wurin jariri kuwa ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba, don haka kan ne ke buɗewa yana girma. Maɗiga ta kumbura ta yi tauri, jijiyoyin fatar kai su fito ɓaro-ɓaro, idanu su riƙa kallon ƙasa har farin ido ya bayyana ta sama. Duk ranar da ta wuce a haka, ruwan yana ƙara matse ƙwaƙwalwar da ke ƙoƙarin girma.

Wani nazari da aka wallafa a 2018 ƙarƙashin jagorancin likita Michael Dewan ya ƙiyasta cewa yara kusan 400,000 ne ke kamuwa da wannan lalura a duniya a kowace shekara, kuma Afirka ce ke da kaso mafi tsoka. Wasu da ita ake haihuwarsu, sau da yawa tare da buɗaɗɗen gadon baya. Wasu kuma lafiya lau aka haife su, sai wata ƙwayar cuta ta shiga jininsu a makonnin farko, ta kai ga ƙwaƙwalwa, ta bar tabon da ya toshe hanyar ruwa.

Nan ne batun ya shafi Maraɗi kai-tsaye. Jihar tana cikin yankin da masana ke kira zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. A 2015 Nijar ta sake ganin wata annobar da ta kama mutum fiye da 8,000. Cikin waɗanda suka tsira daga sanƙarau akwai masu rasa ji, akwai kuma waɗanda ruwa ke taruwa a kansu daga baya. Haihuwa a gida da yanke cibiya da abin da ba a tsabtace ba su ma ƙofa ce da ƙwayoyin cuta ke shiga jikin jariri.

Bututu ko huji

Hanyar da aka fi sani ta magance lalurar ita ce dasa wani siririn bututun roba da ake kira shant. Ana sa bakinsa ɗaya a cikin kogon ƙwaƙwalwa, a bi da shi ta ƙarƙashin fata, bayan kunne da wuya da ƙirji, har cikin ciki, inda ruwan zai riƙa zuba jiki yana tsotsewa. Wani injiniya ɗan Amurka, John Holter, wanda ɗansa ya yi fama da wannan lalura tun yana jariri, shi ne ya ƙera marfin da ya sa bututun ya zama abin dogaro a 1956. Tun daga lokacin ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa.

Matsalar bututu ita ce yana toshewa, yana tsinkewa, kuma ƙwayoyin cuta kan maƙale a jikinsa. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan kashi 40 cikin 100 na bututun da ake dasa wa yara kan samu matsala a shekarar farko. Yaron da ke zaune kusa da babban asibiti za a sake masa wani a ranar. Yaron da ke ƙauye, a tsakiyar damina, da nisan ɗaruruwan kilomita tsakaninsa da likitan ƙwaƙwalwa, toshewar bututu tana iya zama ajalinsa.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka ambata a farko. Likita zai huda ɗan ƙaramin rami a ƙoƙon kai, ko ya bi ta gefen maɗiga idan jariri ne, ya zura endoskof cikin kogon ƙwaƙwalwa, ya bi ta wata 'yar kafa ya sauka cikin kogo na uku, ya huda daɓensa, ya faɗaɗa hujin da ɗan balan-balan. Ruwan sai ya samu sabuwar hanya ya kauce wa inda ya toshe. Idan aikin ya karɓa, ba a bar wa yaron komai a jiki ba.

Dabarar ta daɗe. A 1910 wani likitan mafitsara a Chicago, Victor L'Espinasse, ya leƙa cikin ƙwaƙwalwar jarirai biyu da na'urar duba mafitsara. A 1923 William Mixter ya yi hujin farko a daɓen kogo na uku. An yi watsi da hanyar shekaru da dama saboda rashin haske da rashin kyawun gilashin gani, sai da aka samu sababbin gilasai da ƙananan kyamarori ta dawo.

A Afirka aka ƙara mata wani babban mataki. Likita Benjamin Warf ya koma Uganda a 2000, ya yi aiki a asibitin yara na CURE da ke garin Mbale. Ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na jariran da ake kawo masa ƙwayoyin cuta ne suka jawo musu lalurar. Ya haɗa hujin da wani aiki na biyu, wato ƙona wani ɓangare na tsokar da ke samar da ruwan domin a rage yawansa. A rahotonsa na 2005 kan yara 550, aikin ya yi nasara a kashi 66 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara ɗaya da aka yi wa duka biyun, yayin da huji kaɗai ya tsaya a kashi 47. Wani gwaji da aka wallafa a 2017 kan jarirai 100 a Uganda bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a bunƙasar ƙwaƙwalwa bayan shekara ɗaya tsakanin waɗanda aka yi wa aikin endoskof da waɗanda aka dasa wa bututu.

Yadda kwamfutar ke yin jagora

A zamanin fatake, ayarin da zai tafi Gwanja yana da madugu, yana kuma da jagaba. Madugu ne ke yanke shawara, jagaba ne ke shiga gaba don ya san hanya. Matsayin jagaba wannan kwamfuta take riƙewa a ɗakin tiyata. Ba ta riƙe wuƙa, ba ta motsa hannun likita. Aikinta nuna hanya.

Buƙatarta ta taso ne daga raunin endoskof kansa. Kyamarar tana ganin abin da ke gabanta ne kawai, kamar mai leƙa ɗaki ta kafar makulli. Ba ta ganin abin da ke bayan bango, kuma daga lokacin da aka shiga ƙoƙon kai har a isa kogon ruwa, ana ratsa naman ƙwaƙwalwa ne ba tare da wata alamar hanya ba.

Aikin yana farawa da hoto. Ana ɗaukar hoton kai da na'urar CT, wadda a Nijar ake kira sikana, ko da MRI, wadda aka fi sani da IRM, a yanka-yanka masu kaurin kusan milimita ɗaya. Kwamfuta ta harhaɗa su, ta gina siffar kan mutumin gaba ɗaya, wadda likita zai iya jujjuyawa a allo. Tun kafin a shiga ɗakin tiyata zai zaɓi inda zai huda da layin da zai bi, ya kauce wa jijiyoyin jini da sassan da ke kula da magana da motsi.

Mataki na biyu shi ne a haɗa hoton da ainihin mutumin da ke kwance. Bayan an sa masa maganin barci, likita zai ɗauki wani ɗan tsinke mai alama ya taɓa wasu wurare sanannu, kamar karan hanci da gefen ido da bakin kunne, ko ya bi da shi a kan fatar goshi. Da haka kwamfuta ke gane cewa wannan wuri na jiki shi ne wancan wuri na hoto. Idan aka yi sakaci a nan, duk abin da allo zai nuna daga baya karkatacce ne.

Mataki na uku shi ne bin sawu. Akwai hanyoyi biyu. A ta farko, ana maƙala wasu 'yan ƙwallaye masu sheƙi a jikin endoskof da kuma kusa da kan marar lafiya, wata kyamara mai ido biyu tana kallonsu da hasken da idon mutum ba ya gani. Wannan hanya galibi tana buƙatar a ɗaure kai da wani ƙarfe mai kaifin haƙora don kada ya motsa. A ta biyu, ana kafa filin maganaɗisu a kewayen kai, a sa wata 'yar waya mai ji a cikin kayan aikin. Ita ce ta fi dacewa da jarirai, domin ƙoƙon kansu bai yi ƙwarin da za a matse shi da ƙarfe ba.

Daga nan likita yana da allo biyu a gabansa. Ɗaya yana nuna abin da kyamarar endoskof ke gani, ɗayan yana nuna inda bakinsa yake a kan taswirar kai, daga sama da gefe da gaba. Idan an daidaita komai yadda ya kamata, kuskuren bai cika wuce milimita biyu zuwa uku ba. Babu ruwan tauraron ɗan Adam ko intanet a ciki, komai a cikin ɗakin yake faruwa.

Tunanin ya samo asali tun 1908, lokacin da Victor Horsley da Robert Clarke suka ƙera wani firam na ƙarfe a Landan don isa wani ƙayyadadden wuri a ƙwaƙwalwar dabba. An fara amfani da irinsa a kan mutum a 1947. Bayan da na'urar CT ta Godfrey Hounsfield ta ɗauki hoton marar lafiya na farko a 1971, sai hanya ta buɗe. David Roberts na Dartmouth a Amurka ya bayyana tsarin da ba ya buƙatar firam a 1986, Eiju Watanabe na Japan ya fito da nasa a 1987. A yau kamfanonin Brainlab na Jamus da Medtronic na Amurka suna cikin manyan masu ƙera waɗannan na'urori.

Inda ta fi amfani

Ba kowace tiyatar endoskof ce ke buƙatar kwamfuta ba. Idan kogunan ƙwaƙwalwa sun buɗe sosai, ruwan kuma garai yake, ƙwararren likita yana gane hanyarsa da alamomin da ya sani: ga tsokar da ke samar da ruwa, ga jijiyoyi biyu da suka haɗu, ga kafar shiga kogo na uku. Da irin wannan sani aka yi wa dubban jarirai aiki a Mbale.

Amfaninta yana fitowa ne idan alamomin sun ɓace. Yaron da sanƙarau ko wata ƙwayar cuta ta taɓa, wani lokaci tabo kan raba kogon ƙwaƙwalwarsa gida-gida, kamar ɗakin da aka kakkafa wa zana. Kowane gida yana tara nasa ruwan. Dole likita ya huda bangayen ɗaya bayan ɗaya ya haɗe su, alhali kowane bango kama yake da ɗan'uwansa, kuma bai ga abin da ke bayansa ba. A nan kwamfuta ke gaya masa wane bango ne a gabansa, kuma mene ne a bayansa. Ke nan irin lalurar da ta fi wahalar aiki ba tare da jagora ba, ita ce irin wadda cututtukan yankinmu ke haifarwa.

Tana kuma taimakawa idan kogunan ƙanana ne ƙwarai, yadda kuskuren 'yan milimitoci zai sa a wuce su. Haka nan idan akwai ƙari a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ana so a ɗebo ɗan yanki don gwaji, a kuma buɗe wa ruwa hanya ta rami ɗaya.

Manya ma suna da rabo. A ƙasan ƙwaƙwalwa, bayan hanci, akwai wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke sarrafa sinadaran girma da haihuwa da shayarwa. Ƙari kan fito mata, ya danne jijiyoyin gani har mutum ya fara rasa ganin gefe, mace ta daina al'ada ko ta kasa samun ciki. Tun shekarun 1990 ake cire irin wannan ƙari ta hanci da endoskof, ba tare da an buɗe ƙoƙon kai ba. Hanyar tana bi ta tsakanin manyan jijiyoyin jini biyu na dama da hagu, don haka sanin tsakiyar hanya al'amari ne na rai da mutuwa, musamman ga wanda aka taɓa yi wa aiki a wurin.

Taswira ma tana ruɗi

Duk wanda ya san Gulbin Maraɗi ya san cewa hanyar da aka bi da rani ba lallai ta ɓulle da damina ba. Haka taswirar kwamfuta take. An ɗauki hoton ne kafin aiki. Da zarar an huda, ruwa ya fara fita, ƙwaƙwalwa takan ɗan sauka ta gusa, wani lokaci da milimitoci da yawa, musamman a kan jaririn da kogunansa suka buɗe ƙwarai. Allo zai ci gaba da nuna yadda abubuwa suke ɗazu. Likitan da ya fifita allo a kan idonsa da iliminsa zai iya yin ɓarna. Wasu asibitoci suna gyara wannan da sabon hoto a tsakiyar aiki, ko da na'urar eko irin wadda ake duba masu juna biyu da ita.

Sai kuma batun kuɗi. Cikakkiyar na'ura daga manyan kamfanoni tana cin ɗaruruwan dubban dalolin Amurka, kuma sayenta somin-taɓi ne. Wasu kayanta sau ɗaya ake amfani da su a yar. Tana buƙatar sabunta manhaja, da injiniyan da zai duba ta, da na'urar hoto mai aiki a kusa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Mutanen Maraɗi ba su manta da yadda Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa watan Maris na 2024. Wani bincike na jami'ar Duke a 2011 ya gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na kayan asibiti a ƙasashe masu tasowa a ajiye suke ba sa aiki, galibi saboda rashin horo da kayan gyara.

Akwai masu neman sauƙaƙa abin. Manhajar 3D Slicer, wadda ake gina siffar ƙwaƙwalwa da ita daga hotuna, kyauta ce ga kowa. A kanta wasu masu bincike suka gina wani tsarin jagora mai araha mai suna NousNav, domin asibitocin da ba su da ƙarfi. A asibitin Charité na Berlin, Ulrich Thomale ya fito da wani ɗan ma'auni da ake haɗawa da manhajar wayar salula don saita kusurwar da za a zura bututu. Darasin araha ma daga Uganda ya taɓa fitowa: Warf ya kwatanta bututun Chhabra na Indiya mai dala 35 da wani mai dala 650, bai ga bambanci a sakamakonsu ba bayan shekara ɗaya.

Hanyar da ta fara daga ƙauye

Kafin kwamfuta ta nuna wa likita hanya a cikin kan yaro, sai an nuna wa iyayensa hanyar zuwa wurin likitan. A tsarin kiwon lafiya na Nijar, uwa daga wani ƙauye na Sae Sabuwa za ta fara ne da ɗakin shan magani ko cibiyar CSI. Daga nan a tura ta asibitin gunduma a Gidan Rumji, sannan Maraɗi, inda asibitin jiha da babban asibitin Référence suke. Idan aikin ya buƙaci a wuce gaba, Yamai tana da nisan kilomita sama da 600 a kan babbar hanya ta ɗaya. A can, a Asibitin Ƙasa, Farfesa Samuila Sanoussi da abokan aikinsa sun daɗe suna tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma sun wallafa rahotanni kan amfani da endoskof a kan yara masu taruwar ruwa a kai. A tsallaken iyaka akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu ya shahara da ita, da kuma asibitin koyarwa na Aminu Kano.

A kowane zango ana iya rasa yaro. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma kuɗin mota da abinci da zaman jinya na makonni a garin da ba ka da kowa suna wuyan iyaye. Manomin gero da wake ba ya barin gonarsa a tsakiyar noma cikin sauƙi. Ga kuma fahimtar da ake yi wa lalurar a wurare da dama na ƙasar Hausa, inda ake danganta babban kai da iska ko maita ko sammu, a yi ta neman magani a gida, wasu ma su ɓoye yaron don gudun bakin mutane. Kafin a isa asibiti watanni sun shuɗe. Tiyata tana iya tsayar da ɓarna, amma ba ta dawo da ƙwaƙwalwar da ruwa ya riga ya lalata.

Likitocin ma ba su wadata ba. Wani ƙiyasi na 2018 ya nuna cewa ana rasa yin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka kusan miliyan biyar da ake buƙata a duniya kowace shekara, kuma sai an ƙara likitoci sama da 23,000 kafin a cike giɓin, Afirka na kan gaba a ƙarancin. Cibiyar horarwa ta Rabat a Maroko, wadda Farfesa Abdeslam El Khamlichi ya jagoranta tun 2002, ta yaye matasan likitoci da dama daga ƙasashen kudu da Sahara. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da tsangayar koyon aikin likita, inda ɗan Agiye ko 'yar Gazawa za su iya fara wannan doguwar tafiya.

Abin da ke hannun 'yan birni da 'yan ci-rani

A gidaje da yawa na karkarar Maraɗi, idan rashin lafiya ta yi tsanani, wanda ake kira a waya shi ne ɗan da ke Yamai ko Kano ko Legas ko Abijan ko Aljeriya. Shi ke turo kuɗi, kuma sau da yawa maganarsa ce ke yanke ko a tafi asibiti ko a ƙara jira. Don haka abin da ya sani yana da tasiri.

Abu na farko tef ɗin awo ne, irin na tela. Kewayen kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 34 zuwa 35, ya riƙa ƙaruwa da kusan santimita biyu a wata a watanni ukun farko, ya kai wajen 46 a shekara ɗaya. Ya kamata a auna kan yaro duk lokacin da aka kai shi awo ko rigakafi, a rubuta a katinsa. Kan da ke girma da sauri fiye da haka, ko maɗiga mai tauri alhali yaro ba kuka yake ba, ko idanun da suka koma kallon ƙasa, ko yawan amai da barci da jijjiga, duk dalilai ne na zuwa asibiti a ranar. Matuƙar maɗiga ba ta rufe ba, na'urar eko tana iya ganin kogunan ƙwaƙwalwa ta cikinta, ba sai an jira sikana ba.

Na biyu rigakafi ne. Nijar tana cikin ƙasashe ukun farko da aka ƙaddamar da allurar MenAfriVac a watan Disambar 2010, tare da Burkina Faso da Mali, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau. Haihuwa a asibiti, tsabtar cibiya, da gaggauta kai jaririn da ya yi zazzaɓi ko ya ƙi kama nono, suna toshe babbar ƙofar lalurar. Ƙwayar folik asid, wadda ake ba mata a wurin awo, tana rage haihuwar yara masu buɗaɗɗen gadon baya idan an fara shan ta tun kafin ɗaukar ciki.

Na uku ya shafi ƙungiyoyin 'yan asalin jiha da ke tara gudummawa don taimaka wa asibitocin gida. Kafin a sayi kowace na'ura, a tambayi likitocin da za su yi aiki da ita abin da suka fi buƙata, wa zai gyara ta, kuma daga ina kayanta za su riƙa zuwa. Endoskof mai kyau, da kayan tsabtace shi, da wutar sola a ɗakin tiyata, da kuɗin horar da likita da mai sa barci da injiniya, da asusun kuɗin mota ga iyaye, su ne harsashin da na'urar jagora za ta zauna a kai. Idan aka kafa su, ranar da kwamfutar ta iso Maraɗi za ta tarar da hannun da ya iya riƙe endoskof, da kuma yaran da aka kawo da wuri.